Koyar da Yaro Jifa: Darasi Daga Wasan Besbol Ga Iyaye da Masu Horarwa a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Jifa na daga cikin abubuwan da yaro yake koya da kansa tun kafin bakinsa ya gama buɗewa. Duk wanda ya tashi a Yola ko Jimeta ya san yadda yara suke jifan mangwaro da tsamiya, da yadda suke bin ƙadangare da tsakuwa, da kuma yadda yaran makiyaya a bakin kogin Binuwai suke juyo da saniyar da ta ɓalle da hoge ko guntun icce. Sai dai a wurinmu jifa ɓarna ce da ake tsawata wa yaro a kanta, ba fasaha ba ce da babba zai zauna ya koyar. A wasu ƙasashe kuwa, kamar Amurka da Japan da Kuba, jifa sana'a ce da mutum yake cin abinci da ita, kuma likitoci sun daɗe suna nazarin abin da take yi wa hannun yaro.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake rainon hannun yaro mai shekara 7 zuwa 12 har ya iya jifa daidai, ta hanyar amfani da ilimin da aka tara a wasan besbol. Na zaɓi wannan wasa ne domin babu wani wasa da aka ƙidaya jifansa, aka auna shi, aka kuma rubuta illolinsa kamar shi. Darasin bai tsaya ga besbol kaɗai ba, domin kuwa ya shafi mai koyar da ƙwallon hannu da kurket da jifan mashi, har ma da mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba, kuma yawan jifa ba tare da hutu ba yana iya naƙasa gwiwar hannunsa tun bai kai ko'ina ba.

2.0 Wasan Besbol da Matsayin Majefi

Besbol wasa ne da ƙungiyoyi biyu suke yi, kowace da 'yan wasa 9. Majefi yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo zuwa ga abokinsa mai cafka, wanda yake tsugune a bayan wani ɗan faranti mai faɗin santimita 43. A gefen farantin nan akwai ɗan hamayya riƙe da kulki yana jiran ya bugi ƙwallon. Idan majefi ya yi masa jifa 3 masu kyau ya kasa bugawa, ya fita ke nan. Idan kuwa majefi ne ya kauce wa inda doka ta ce sau 4, kuma mai bugu bai kai duka ba, sai mai bugu ya wuce zango na farko a ɓagas. Wato dai aikin majefi ya haɗa ƙarfi da saiti, kuma saitin ne kan gaba.

A wasan manya, tazarar da ke tsakanin majefi da faranti ƙafa 60 ce da inci 6, wato kimanin mita 18 da rabi. Ƙwallon kansa na fata ne mai ɗinki, nauyinsa tsakanin giram 142 zuwa 149. Jifa mafi sauri da aka taɓa aunawa a babbar gasar Amurka ita ce ta Aroldis Chapman, ɗan asalin Kuba, a shekarar 2010, wadda ta kai gudun kilomita 170 a awa. Yara kuwa an rage musu tazarar zuwa ƙafa 46, kimanin mita 14, a ƙarƙashin ƙungiyar Little League, wadda wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa a garin Williamsport na Amurka a shekarar 1939.

Wasan bai yaɗu a tsakaninmu kamar ƙwallon ƙafa ba, amma ba baƙo ba ne a Nijeriya. A gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a shekarar 2003, Nijeriya ce ta zo ta biyu a besbol, bayan Afirka ta Kudu. A shekarar 2012 yaran Uganda suka zama na farko daga Afirka da suka buga gasar duniya ta Little League, sannan a 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar Amurka. Ke nan ɗan Afirka yana da wurin zuwa idan an raine shi da kyau.

3.0 Daga Ina Jifa Take Fitowa?

Yawancin mutane suna ɗauka cewa da hannu ake jifa. Gaskiyar magana ita ce, hannu shi ne mataki na ƙarshe. Ƙarfin yana farawa ne daga ƙafar da ta tokare ƙasa, ya hau cinya, ya shiga ƙugu, ƙugu ya murɗa ya miƙa wa ƙirji, ƙirji ya miƙa wa kafaɗa, kafaɗa ta miƙa wa gwiwar hannu, sannan ya fita ta kan 'yan yatsu. Masana motsin jiki sun ƙiyasta cewa kusan rabin ƙarfin yana zuwa ne daga ƙafafu da gangar jiki. Misalinsa kamar bulala ne: mariƙinta ake motsawa, amma bakinta ne yake ƙara.

A shekarar 2013 wasu masana a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin jagorancin Neil Roach, sun wallafa bincike a kan wannan al'amari. Sun nuna cewa kafaɗar ɗan'adam tana aiki ne tamkar danƙon harbi: yayin da hannu ya koma baya, jijiyoyi suna miƙewa su tara ƙarfi, sannan su sake shi a lokaci guda. Birin cimfanzi, duk da ƙarfinsa, jifarsa ba ta wuce kimanin kilomita 32 a awa, alhali yaro ɗan shekara 12 da aka horar yana iya ninka wannan gudu har sau uku. Abin da wannan yake koya wa mai horarwa shi ne, idan ƙafa da ƙugu suka ƙi yin nasu aikin, to kafaɗa da gwiwar hannu ne za su ɗauki nauyin duka, kuma daga nan ciwo yake farawa.

Har ila yau, yaro ba ya tsallake matakan girma. Tun a shekarar 1938 wata malama Ba'amurkiya mai suna Monica Wild ta bayyana matakai 4 da jifar yara take bi. Da farko yaro yana jifa da hannu kawai, ƙafafunsa a kafe. Daga nan sai ya fara murɗa jiki. Bayan haka sai ya fara taka ƙafa, amma ƙafar da take gefen hannun da yake jifa da shi. A ƙarshe ne yake gane taka ɗaya ƙafar, wato ta hagu ga mai jifa da dama. Saboda haka idan ka ga ɗan shekara 5 yana taka ƙafar dama yana jifa da dama, kada ka ce ba shi da baiwa, a kan hanya yake.

4.0 Matakan Koyarwa

4.1 Kayan Aiki

Ba sai an jira kaya daga Amurka ba. Ga mai fara koyo, ƙwallon tanis ya wadatar, domin nauyinsa bai kai giram 60 ba, kuma ba ya fasa baki idan yaro ya kuskure cafka. Inda babu shi, ana iya dunƙule tsumma a cusa a tsohuwar safa a ɗaure. Wurin auna saiti kuwa, a zana murabba'i da gawayi a jikin katanga, faɗinsa santimita 43, tsawonsa daga gwiwar yaro zuwa ƙirjinsa. Ana kuma iya rataye tsohuwar tayar babur a reshen darbejiya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dutse. Baya ga nauyinsa da ba shi da ma'auni, hadisi ya tabbata a kan hanin wasan jifa da tsakuwa, saboda tana iya karya haƙori ko ta tsiyaye ido.

4.2 Ɗumama Jiki

Kafin yaro ya taɓa ƙwallo, ya yi sassarfa ta kamar minti 5, ya jujjuya hannuwa gaba da baya, ya murɗa ƙugu, ya yi 'yan tsalle-tsalle har jiki ya ɗan yi gumi. Daga nan sai a fara jefa-in-cafe a hankali daga tazarar mita 5 ko 6, ana ja da baya kaɗan-kaɗan. Wannan ya fi zama dole a lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, sa'ad da jiki yake a ɗaure da sassafe.

4.3 Riƙon Ƙwallo

Ana ɗora yatsa manuni da na tsakiya a saman ƙwallo, babban yatsa kuma ya tallafe shi daga ƙasa. Yaron da tafin hannunsa ƙarami ne ya sa yatsu 3 a sama, babu laifi. Kada ƙwallon ya manne da tafin hannu, a bar ɗan sarari. Ni abin da nakan ce wa ƙannena idan ina koya musu a lokacin hutu shi ne: "Riƙe shi kamar ƙwan da Inna ta aike ka saye, kada ka matse ya fashe, kada ka sake ya faɗi." Yaro yakan gane wannan nan take, fiye da dogon bayani.

4.4 Tsayuwa da Taku

Ga mai jifa da dama, matakan su ne kamar haka (bahago sai ya juya su):

i. Ya tsaya a kaikaice, kafaɗarsa ta hagu tana nuna inda zai jefa, hannuwansa biyu a haɗe a ƙirji.

ii. Ya ɗaga gwiwar ƙafar hagu zuwa daidai ƙugu, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba. Yaran da suka saba wasan langa ba sa shan wuya a nan.

iii. Ya tura da ƙafar dama, ya taka ta hagu kai-tsaye zuwa inda yake auna. A daidai lokacin nan hannuwa suke rabuwa, na dama ya yi baya da ƙwallo.

iv. Sa'ad da ƙafar hagu ta sauka, gwiwar hannun dama ta kasance daidai da tsayin kafaɗa, ba ƙasa da ita ba.

v. Ƙugu ya fara juyawa, ƙirji ya biyo baya, sannan hannu ya zo daga ƙarshe ya saki ƙwallo a gaban fuska.

vi. Bayan sakin ƙwallo kada ya tsayar da hannun, ya bar shi ya zarce har zuwa wajen gwiwar ƙafar hagu, baya ya ɗan sunkuya. Wannan zarcewa ita ce birkin hannu. Wanda ya tsayar da hannu da ƙarfi, kafaɗarsa ce take biyan kuɗin.

Don gyara taku, a ja layi a ƙasa da tsinke daga ƙafar yaro zuwa katanga. Bayan kowace jifa sai ya duba sawunsa ya ga ko ya sauka a kan layin. Ƙasa mai yashi irin ta filayenmu tana da amfani a nan, domin ita da kanta take nuna wa yaro inda ya taka.

4.5 Saiti Kafin Sauri

Yaro yana son a ce jifarsa tana da zafi, mai horarwa kuma yana son ya nuna wa mutane abin da ya koyar. A nan ne ake buƙatar haƙuri. Kada a ƙara tazara ko a nemi ƙarin gudu sai yaro yana iya samun murabba'in nan sau 6 ko 7 a cikin jifa 10. Haka kuma gyara ɗaya ake yi a rana. Idan yau taku ake gyarawa, a bar maganar gwiwar hannu sai wani zaman, domin yaron da aka cika wa kunne da umarni biyar ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Majefa manya suna da dabarun murɗa ƙwallo ya karkace a cikin iska. Shirin Pitch Smart, wanda hukumomin besbol na Amurka suka fitar a shekarar 2014, ya ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ya tsaya a kan iri biyu kawai: miƙaƙƙiyar jifa mai sauri, da kuma wadda ake rage wa gudu ta hanyar sauya riƙo, ba tare da murɗa wuyan hannu ba.

5.0 Illar Yawan Jifa

A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani ɓangare na guringuntsi wanda daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Zan kira shi matsirar ƙashi. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin laushi, har ma ya fi jijiyoyin da suke maƙale da shi rauni. Akwai irinsa a gefen ciki na gwiwar hannu, daidai ƙullutun nan da mutum yake ji idan ya taɓa, kuma ba ya ƙosawa sai wajen shekara 14 zuwa 17. Duk lokacin da yaro ya yi jifa da ƙarfi, tsoka da jijiya suna finciko wurin. Finciko ɗaya ba komai ba ne, amma idan ya zama ɗaruruwa a mako ba tare da hutu ba, sai wurin ya kumbura, ya buɗe, wani lokaci ma guntun ƙashin ya ɓalle. Tun a shekarar 1960 likitocin Amurka suka raɗa wa wannan ciwo suna da sunan gasar yara ta Little League, saboda yawan da suke ganinsa ga majefanta. Irin wannan matsira tana nan a saman ƙashin dantse kusa da kafaɗa, ita ma tana kamuwa.

Ga babba kuwa, wanda ƙashinsa ya ƙosa, jijiyar gwiwar hannu ce take tsinkewa. A shekarar 1974 wani likita mai suna Frank Jobe ya yi wa ɗan wasa Tommy John aikin da ba a taɓa yi wa majefi ba, inda ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ya maye gurbin wadda ta tsinke. Tommy John ya dawo wasa a 1976, ya ci gaba har 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Abin da ya tayar wa likitoci hankali shi ne, daga wajen shekarun 2000 sai suka ga 'yan makarantar sakandare suna ƙara yawa a cikin masu zuwa neman wannan aiki.

Wannan ne ya sa wata cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham a jihar Alabama, inda likita James Andrews da masani Glenn Fleisig suke aiki, ta duƙufa a kan bincike. A rahoton da suka fitar a 2006 sun gano cewa matashin da ya saba jifa alhali hannunsa a gajiye yake, haɗarin a kai shi ga tiyata ya ninka sau 36, wanda kuma yake gasa fiye da wata 8 a shekara, nasa ya ninka sau 5. A wani rahoton na 2011 sun bi diddigin yara 481 masu shekara 9 zuwa 14 har tsawon shekara 10. Kashi 5 cikin ɗari sun ji mummunan rauni, kuma waɗanda suke jifa fiye da zagaye 100 na wasa a shekara sun fi sauran shiga haɗarin sau 3 da rabi. Abin lura a nan shi ne, yaron da ya fi kowa iyawa shi ya fi shiga haɗari, domin shi ake sawa kullum saboda a ci wasa.

6.0 Ƙidaya da Hutu

A shekarar 2007 ƙungiyar Little League ta fara aiki da dokar ƙidaya jifa. Iyakar abin da yaro zai jefa a rana ɗaya ta gasa ita ce:

i. Shekara 7 zuwa 8: jifa 50

ii. Shekara 9 zuwa 10: jifa 75

iii. Shekara 11 zuwa 12: jifa 85

Hutun da yake biyo baya kuwa, ga ɗan shekara 14 zuwa ƙasa, ya danganta da yawan abin da ya jefa. Daga jifa 1 zuwa 20 babu hutun dole. Daga 21 zuwa 35 kwana 1 ne, daga 36 zuwa 50 kwana 2, daga 51 zuwa 65 kwana 3, daga 66 zuwa sama kuma kwana 4. Bugu da ƙari, yaron da ya yi jifa 41 ko fiye ba a yarda ya koma mai cafka a wannan rana ba, tun da shi ma mai cafka yana mayar da ƙwallo bayan kowace jifa. Shirin Pitch Smart ya ƙara da cewa a kowace shekara yaro ya sami aƙalla wata 4 na hutu daga jifa, kuma wata 2 ko 3 daga ciki su kasance a jere.

Waɗannan alƙaluma iyaka ce, ba buri ba ne da ake son a cim ma. Ga mai fara koyo, a ganina jifa 15 zuwa 20 masu ƙarfi a zama ɗaya sun isa, kwana 3 a mako, ana tsallake rana. Ƙidayar ba ta buƙatar na'ura. Mai horarwa ya sa tsakuwa 20 a aljihun dama, duk jifa ɗaya ya mayar da guda aljihun hagu. Aljihun dama na ƙarewa, an tashi, ko da yaron yana roƙon a ƙara. A watannin hutu kuma ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi tsere, ya yi langa da kokawa, domin duk suna gina ƙafa da ƙugu, waɗanda muka ga su ne tushen jifa.

Akwai alamomin da suke nuna hannu ya gaji tun kafin ciwo ya bayyana: gwiwar hannu ta fara sauka ƙasa, ƙwallo ya riƙa tashi sama da inda aka auna, gudunsa ya ragu, yaro ya riƙa yarfa hannu ko yana daɗewa kafin ya sake jifa. Yara da yawa ba sa faɗi, saboda kunya ko tsoron kada a cire su, kuma mu nan an san mu da koya wa yaro dauriya tun yana ƙarami. Don haka wajibi ne babba ya nuna wa yaro cewa faɗin ciwo ba ragwanci ba ne. Ranar da yaro ya ce, "Hamma, gwiwar hannuna tana ciwo," amsar da ta dace ita ce, "Madalla da ka faɗa, ajiye ƙwallon." Ba a ba shi maganin kashe zafi don ya ci gaba.

Idan ciwon ya kwana bai tafi ba, ko wurin ya kumbura, ko yaro ya kasa miƙe hannun sosai, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Masu ɗori suna da nasu fagen da aka san su da shi, amma wannan ba karaya ba ce irin wadda hannu yake laluba ya gano, kuma ja da murza suna iya ƙara buɗe matsirar ƙashin. Idan an gano shi da wuri, yawanci hutun makonni ne maganinsa, sannan a dawo da jifa sannu a hankali.

7.0 Abubuwan da Suka Shafi Namu Yanayi

7.1 Zafin Rana

Yola na daga cikin garuruwa mafi zafi a Nijeriya, inda a watannin Maris da Afrilu ma'auni yakan haura digiri 40. A irin wannan lokaci a yi horo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a sami inuwa, a kuma ajiye ruwan sha kusa ana ba yara a kai a kai, ba sai sun roƙa ba. Gajiyar da zafi yake kawowa daga ƙafa take farawa, ƙafa kuwa in ta saki, hannu ne zai ɗauki aikin. Idan azumi ya zo, yaran da suka fara ɗauka a rage musu horon ko a ɗage shi gaba ɗaya, a lissafa watan cikin watannin hutu.

7.2 Gaskiyar Shekaru

Duk lissafin da na kawo a sama ya dogara ne a kan sanin ainihin shekarun yaro. Rage shekaru ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A gasar duniya ta Little League ta 2001 an gano cewa Danny Almonte, majefin da ya gagari kowa, shekararsa 14 ba 12 ba, aka soke nasarorin ƙungiyarsa. A 2011 kuma yaran Uganda sun cancanci zuwa gasar amma aka hana su biza saboda saɓani a takardun haihuwarsu. A ƙwallon ƙafa ma, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ne FIFA ta shigo da ɗaukar hoton wuyan hannu, kuma abin da ake dubawa shi ne ko matsirar ƙashi ta rufe. Uba ya yi wa ɗansa takardar haihuwa ta gaskiya a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun da wuri. Mai horarwa kuma kada girman jiki ya ruɗe shi, domin dogon yaro ɗan shekara 10 ƙashinsa na ɗan shekara 10 ne.

7.3 Bahago

A gidajenmu akan tilasta wa bahago ya koma amfani da dama. Cin abinci da karɓar abu da dama ladabi ne da addini da al'ada suka koyar, amma jifa daban take. Kimanin mutum 1 cikin 10 ne bahago, don haka masu bugu ba su saba da jifarsa ba, kuma ƙungiyoyin besbol nemansa suke yi ruwa a jallo. Masu kallon dambe ma sun san wuyar sha'anin bahago. A bar yaro ya yi jifa da hannun da Allah ya hore masa.

7.4 'Yan Mata

Matakan nan duka sun shafi 'ya mace kamar yadda suka shafi ɗa namiji. A shekarar 2014 wata yarinya 'yar shekara 13 mai suna Mo'ne Davis ta yi jifa a gasar duniya ta Little League, ta kammala wasa guda ba a ci ƙungiyarta ko ɗaya ba. Malaman wasanni a makarantunmu na firamare, musamman masu koyar da ƙwallon hannu, suna iya amfani da wannan tsari ga ɗalibansu mata.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda jifa take tasowa daga ƙafa zuwa yatsu, da matakan koyar da ita, da illar da yawanta yake yi wa ƙashin da bai ƙosa ba, da kuma ƙa'idojin ƙidaya da hutu da aka gina a kan bincike. Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ɗanyen icce shi ne kuma mafi saurin tsagewa idan aka matsa masa. Kofin gasar unguwa ba zai wuce shekara guda ana maganarsa ba, amma da wannan hannu yaro zai yi rubutu, ya yi noma, ya nemi abincinsa har tsufa.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su fita aikin koyarwa ko hidimar ƙasa a makarantun Adamawa da sauran jihohi, da su gwada wannan tsari da ƙwallon tanis da gawayi da tsakuwa 20. Ina kuma kira ga masu nazarin harshe a cikinmu da su duba kalmomin da na yi amfani da su, irin su majefi da mai cafka da matsirar ƙashi, su tace su ko su kawo waɗanda suka fi su, domin ilimin wasanni da lafiyar yara ya isa ga iyaye a cikin harshen da suke ji.